Inda Hausa ke ɓuya a cikin Turancinmu, da yadda ake gyarawa

Akwai ɗalibai da yawa a garuruwanmu da suka shafe shekara 12 a makaranta, shida a firamare shida a sakandare, yawancin darussa da Turanci ake koyar da su, amma idan aka ce su rubuta takardar neman aiki mai sakin layi uku sai gumi ya karyo musu. Sai ka ji ana cewa kansu ne ba ya ja. Ni ban yarda da wannan ba. Yaron da ya haddace izu ashirin na Alƙur'ani bai rasa ƙwaƙwalwar da zai riƙe kalmomi 3,000 ba. Abin da ke faruwa shi ne, yawancin kurakuranmu na Turanci ba a barkatai suke zuwa ba. Hausa ce ke kwance a ƙarƙashin jimlar, muna ɗora mata kalmomin Turanci a sama. Wanda ya gano wuraren da harsunan biyu suka saɓa, ya rage wa kansa wahalar shekaru.

Bari mu fara da kalmomi, tunda nan ne aka fi ɓata lokaci.

Hanyar da aka fi bi ita ce mutum ya sayi ƙamus, ya fara daga harafin A, ko ya rubuta jerin manyan kalmomi ashirin da ma'anarsu da Hausa, ya haddace. Bayan mako biyu sai ka tarar uku ko huɗu suka rage masa, su ma bai san yadda zai sa su a jimla ba. Dalilin bai wuce guda biyu ba. Na farko, kalmar Turanci ba ta tafiya ita kaɗai, tana da abokan tafiya. Ka duba kalmarmu ta "yi". Muna cewa yi kuskure, yi aikin gida, yi wanka, yi tambaya, yi ƙarya. Kowanne daga cikin waɗannan da nasa aikatau yake tafiya a Turanci: *make a mistake*, *do homework*, *take a bath*, *ask a question*, *tell a lie*. Wanda ya haddace cewa "yi" shi ne *do*, to zai ce *I did a mistake*, kuma ba zai ji a jikinsa cewa ya yi kuskure ba. Haka "sha": ruwa ana *drink*, magani ana *take*, taba ana *smoke*. Haka "ji", wadda ta haɗe *hear* da *feel* da *smell* da *taste* da *understand* duk a wuri guda. Shi ya sa za ka ji mutum ya ce *I am hearing smell*, ko *I don't hear English* alhali yana nufin ba ya fahimta. Ruwan sama mai ƙarfi kuwa *heavy rain* ne, ba *strong rain* ba.

Akwai biyu da ya kamata a yi musu zama na musamman. A Hausa "ara" da "ara wa" tushe ɗaya ne, haka "koya" da "koya wa". Turanci ya raba su: wanda ya karɓa shi ne ya yi *borrow*, wanda ya bayar ya yi *lend*, ɗalibi yana *learn*, malami yana *teach*. Don haka "ara mini biro" *lend me your pen* ne. *Borrow me* ta cika kasuwa da aji har kunne ya saba da ita, amma mai duba takardar jarrabawar WAEC jan biro zai zana a ƙarƙashinta.

Dalili na biyu shi ne mantuwa. Wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya wallafa bincikensa a kan haka tun 1885, inda ya nuna cewa mafi yawan abin da mutum ke mantawa yana zubewa ne a sa'o'i da kwanakin farko, sannan zubewar ta rage gudu. Duk wanda ya yi makarantar allo ya riga ya san wannan tun kafin ya ji sunan Bature: hadda ba tilawa zubewa take yi. Abin da ake buƙata shi ne a yi wa kalmomi tilawa a kan tsari.

Ga yadda ake yi. A yanka kwali ƙanana, girman katin cirar kuɗi. A gaba a rubuta jimlar da aka tsinci kalmar a cikinta, a bar gurbin kalmar babu komai, a sa ma'anarta da Hausa a ƙasa. A baya a rubuta kalmar tare da abokan tafiyarta biyu ko uku, da alamar gaɓar da ake dannawa wajen furuci. A nemi gwangwani uku ko ambulan uku. Sabon kati yana shiga na farko, wanda ake dubawa kullum. Idan ka tuna kalmar kafin ka juya katin, ya wuce na biyu, wanda ake dubawa duk bayan kwana uku. Idan ka sake ci, ya wuce na uku, na mako-mako. Duk ranar da ka kasa, ko da katin ya kai na uku, ya koma na farko. Wannan tsari na wani ɗan jaridar Jamus ne, Sebastian Leitner, kuma irin wannan tilawa mai tazara ce manhajar Anki, da ake saukewa kyauta a wayar Android, take yi. Inda mutane ke ɓata abin shi ne su kalli gaban katin, su juya nan take, su ce "ai na sani". Ganewa daban, tunowa daban. Sai ka furta amsar da bakinka kafin ka juya.

Kada a wuce kalmomi takwas a rana. Takwas sau kwana shida a mako, a mako 50, ya ba ka 2,400 a shekara. Wanda ya ɗauki talatin a rana, kafin wata ya ƙare gwangwanin farko zai cika ya batse, ya gaji ya watsar.

Waɗanne kalmomi za a zaɓa kuwa? A nan ne nake da ƙorafi a kan son manyan kalmomi da ya yi mana katutu. Ana yi wa mai jefa doguwar kalma kallon ya iya Turanci, alhali kalmomi kusan 2,000 da aka fi amfani da su su ne ke ɗauke da wajen kashi 80 cikin 100 na rubutu na yau da kullum. Wani malamin Turanci, Michael West, ya tattara irin wannan jeri tun 1953, yanzu kuma akwai jerin Oxford 3000 a intanet kyauta. Ɗan jami'a ya ƙara da jerin kalmomin ilimi da wata masaniya, Averil Coxhead, ta fitar a 2000, mai iyalan kalmomi 570, irin su *analyse*, *assume*, *significant*, *establish*. Idan ka ɗauki kalma ka ɗauko danginta gaba ɗaya: *decide*, *decision*, *decisive*, *undecided*. Da jifa ɗaya ka samu huɗu.

Nahawu

Aikatau na Hausa ba ya canja kamanni saboda lokaci ko saboda wanda ya yi aikin. Muna cewa ya tafi, sun tafi, zai tafi. "Tafi" tana nan yadda take, ƙaramar kalmar da ke gabanta ce ke ɗaukar nauyin. Turanci kuwa a jikin aikatau yake rataya nauyin. Daga nan ne kurakurai uku ke fitowa. Mantawa da *-s* a *he goes* da *she works*. Mantawa da *-ed* idan ana ba da labarin jiya. Sai kuma ɗauko "ya" ɗin Hausa a shigo da shi: "Babana ya tafi" ta zama *My father he went*. A Turanci suna ya wadatar, ba a ƙara masa wakilin suna.

Mafi wuya a ganina shi ne bambancin *I finished* da *I have finished*, domin duka biyun "na gama" ne a wurinmu. Dokar da ke aiki ba ta da tsawo. Idan jimlar ta ambaci lokacin da ya wuce ya rufe, kamar *yesterday*, *last week*, *in 2019*, *two days ago*, to babu *have*. *I saw him yesterday* ake cewa, *I have seen him yesterday* kuskure ne. Idan ba a ambaci lokaci ba kuma abin da ya dame mu shi ne sakamakon aikin yanzu, sai a sa *have*: *I have lost my key*, wato har yanzu makullin bai fito ba. Sai kuma abin da ya faro tun da yana nan har yau. Mukan ce "ina zaune a Zariya shekara biyar ke nan", sai hannu ya rubuta *I am living in Zaria for five years*. Daidai shi ne *I have lived* ko *I have been living*. *For* na bin tsawon lokaci, *since* na bin ranar da aka fara.

"Ina" ɗin nan tana jawo wata matsalar. Ɗalibi ya koyi cewa "ina tafiya" *I am going* ne, sai ya ɗauka duk inda ya ga "ina" *-ing* zai sa. Sai ka ji *I am having a car*, *I am knowing him*, *I am understanding*. Aikatau na mallaka da sani da so, irin su *have*, *know*, *want*, *believe*, *belong*, ba sa karɓar *-ing* a wannan ma'ana. Ita kuma "ina zuwa" da muke faɗa lokacin da muke fita, idan ka ce wa baƙo daga Ingila *I am coming* kana ba shi baya, zai rasa gane ka. *I'll be right back* ake cewa.

Aikatau marasa bin doka kada a haddace su a jerin haruffa. A tara su gida-gida bisa amo: *sing, sang, sung* tare da *ring*, *drink*, *begin*, *swim*, *bring, brought* tare da *buy*, *think*, *catch*, *teach*, sai marasa canjawa sam, *cut*, *put*, *hit*, *shut*, *cost*. A rera su da ƙarfi kamar karatun allo. Bayan *did* kuma aikatau yana komawa asalinsa: *Did you go*, ba *Did you went* ba.

Game da *a* da *the*, Bahaushe yana da gadar da zai taka. Bambancin "yaro" da "yaron", ko "mota" da "motar", kusan shi ne aikin *the*: abin da ni da kai muka riga muka sani. "Wani yaro ya zo, yaron ya ce" ita ce *A boy came, the boy said*. Inda gadar ta ƙare shi ne "shi malami ne", wadda ba ta da komai a Hausa amma Turanci ya tilasta *He is a teacher*. Duk suna tilo da ake iya ƙirgawa ba ya tsayawa tsirara. Zaɓen *a* ko *an* kuma da sauti yake tafiya, ba da harafi ba: *an hour*, amma *a university*.

Ga wani wuri da ba a cika bayyana wa ɗalibai dalilinsa ba. Muna da jam'in shawara, shawarwari, bayani, bayanai, kaya, kayayyaki. Shi ya sa *advices*, *informations*, *furnitures*, *equipments* da *luggages* ke zuwa mana da sauƙi. Turanci bai ɗauki waɗannan a matsayin abin ƙirgawa ba, kamar yadda ba ma ƙirga gari ko gishiri sai da mudu ko cokali. Idan ana son ɗaya sai a ce *a piece of advice*. Ita kuma *news*, duk da *-s* ɗinta, tilo ce: *the news is good*. Ƙamus na masu koyo, irin na Oxford ko Longman, yana sa harafin U a gaban irin waɗannan sunaye, C kuma a gaban masu ƙirguwa. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa a fifita irin wannan ƙamus a kan ƙaramin na aljihu mai ba da ma'ana da kalma ɗaya.

"A" ɗinmu guda ɗaya ta rabu uku, *in*, *on*, *at*: *in Kano*, *on Monday*, *at home*. Wata da shekara *in*, rana *on*, ƙarfe nawa *at*. Sauran ba su da dokar da za ta cece ka, sai dai a haddace su manne da kalmarsu: *interested in*, *depend on*, *married to*, *congratulate on*. *Discuss* kuma ba ta son *about* a bayanta.

Ƙarami ɗaya mai jawo rashin fahimta a hira: idan aka ce "ba ka ci abinci ba?" mukan ce "e, ban ci ba". A Turanci amsar tana bin abin da ya faru ne. Idan ba ka ci ba, *No, I haven't*.

Baki da kunne

Ana yi wa Bahaushe dariya a kan *p* da *f*, amma ba a cika gaya masa yadda zai gyara ba. "F" ɗin Hausa da leɓɓa biyu ake yin ta, tana tsakanin sautukan Turanci biyu. Don *f* ta Turanci, haƙoran sama su sauka a kan leɓen ƙasa, iska ta riƙa fita a hankali, za ka iya jan ta tsawon numfashi. Don *p*, leɓɓa su rufe ruf sannan su fashe lokaci guda. Riƙe 'yar takarda a gaban baki: idan ka ce *pan* ta yi tsalle, idan ka ce *fan* ta ɗan kaɗa kawai. A yi da *pull* da *full*, *pill* da *fill*, *copy* da *coffee*, a gaban madubi, minti biyar a rana. *V* wurin *f* take, sai dai maƙogwaro yana rawa. Ɗora yatsa a wuya ka ji, sannan ka gwada *vote* da *boat*. *Th* kuwa, wadda muke mayarwa "s" ko "z", sai ƙarshen harshe ya leƙo tsakanin haƙora: *think* da *sink*, *breathe* da *breeze*.

Gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙaƙe biyu a jere, shi ya sa *bread* ta zama burodi, *primary* ta zama firamare. Wannan daidai ne a Hausa, amma idan wasalin ya biyo mu cikin Turanci sai *school* ta koma "sukul". Maganinsa a fara daga ƙarshe: *cool*, sannan a ja "sss" a manna, *school*, *ring*, *pring*, *spring*. Akwai kuma haruffan da ba a furtawa, *b* a *comb* da *debt*, *t* a *listen*, *p* a *receipt*, *w* a *sword*, kuma takardar furuci ta WAEC, mai tambayoyi 60, ba ta gajiya da su. Wuri ɗaya da muke da riba: mun saba da dogon wasali da gajere, don haka *ship* da *sheep* ba su kamata su ba mu wuya ba.

Don kunne, shirin 6 Minute English na BBC yana zuwa da rubutaccen abin da aka faɗa. A saurara sau ɗaya ba tare da kallon rubutun ba, sau ɗaya ana bi da ido, sannan a zaɓi jimla biyar a riƙa tsayar da sautin ana maimaitawa da irin muryar da dannawar mai maganar.

Karatu da auna fahimta

Duk abin da na lissafa ba zai zauna ba idan ba a karatu, kuma karatun sai ya zama daidai wuyan mutum. Paul Nation, masanin koyon kalmomi a New Zealand, da abokan aikinsa sun nuna cewa sai mai karatu ya san kusan kashi 98 cikin 100 na kalmomin rubutu kafin ya fahimce shi ba tare da taimako ba. A shafi mai kalmomi 300, baƙin kalmomi shida ke nan. Gwajin mai sauƙi ne: buɗe tsakiyar littafi, ƙirga waɗanda ba ka sani ba a shafi ɗaya. Idan sun haura goma sha biyar, ajiye shi zuwa baɗi, nemi mai sauƙi, ko da na 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare ne. Babu abin kunya a ciki. Wanda ke buɗe ƙamus a kowane layi ba ya kaiwa shafi na goma.

Dabara mai amfani ga mai jin Hausa ita ce ya fara karanta labari a Aminiya ko BBC Hausa, sannan ya nemi labarin wannan abu a Daily Trust ko wata jaridar Turanci. Tunda ya riga ya san abin da ya faru, hankalinsa zai koma kan yadda aka faɗe shi. Wanda ke son ya matsa gaba, ya ɗauki sakin layi ɗaya na Turanci mai kyau, ya fassara shi zuwa Hausa, ya ajiye kwana biyu, ya mayar da Hausar zuwa Turanci ba tare da leƙen asalin ba, sannan ya jera su gefe da gefe. Duk inda suka saɓa a rubuta shi a littafi na musamman, na kurakurai: abin da na rubuta, abin da ya dace, da dalili. Bayan wata guda za ka ga kurakurai huɗu ko biyar ne ke ta dawowa. Su za a sa a gaba, maimakon bin littafin nahawu daga bango zuwa bango.

A ɗakin jarrabawa kuma, ko ta WAEC ko NECO ko tambayoyi 60 na Turanci a JAMB, a fara karanta tambayoyin kafin nassin, don ido ya san abin da yake nema. Doguwar jimla idan ta rikita ka, nemo babban aikatau, ka tambayi wa ya yi, ka ture abin da ke tsakanin waƙafi biyu gefe tukuna. Kula da *however*, *although*, *yet* da *despite*, domin ra'ayin marubuci sau da yawa a bayansu yake. Duk *it* ko *they* ko *this* da ka gani, koma baya ka gano wa take wakilta. Idan aka ce ka kawo kalmar da za ta maye gurbin wata, amsarka ta dace da lokaci da adadin ta asali: idan an ba ka *purchased*, *bought* za ka rubuta, *buy* ba za ta ci ba. Mayar da amsar cikin jimlar ka karanta ka ji. Kuma ka ba da amsa ɗaya, domin jera biyu da fatan ɗaya ta dace yana jawo asarar makin idan ɗayar ba daidai ba ce. A sashen taƙaitawa, cikakkiyar jimla ake so, da kalmominka, ba misalai ba ƙawa. Kwafo layin nassi yadda yake yana jawo asarar maki.

Minti 45 a rana sun isa idan an raba su: goma na katuna, ashirin na karatu, biyar na furuci, goma na rubuta jimla biyar da kalmomin ranar a kan abin da ya shafe ka, kasuwa ko gona ko aji. Bayan sallar asuba ya fi, kafin hayaniyar gida ta tashi. Jimlolin nan biyar a samu wanda ya fi ka ya duba su ko sau ɗaya a mako, a roƙe shi ya ja layi a ƙarƙashin kuskuren kawai, kada ya rubuta gyaran. Kai za ka nemo gyaran, ka shigar da shi littafin kurakurai, ka yanka masa kati ya shiga gwangwanin farko.